Koton Fata a Tafkin Gawo

Ku yaran yanzu kun ɗauka kamun kifi da fatsa zaman hutu ne. Mutum ya sayo ƙugiya a kasuwar Tanut, ya soka mata tana, ya jefa ruwa, ya jingina da itace. Jefawa kam kowa ya iya. Aikin yana wajen ɗaura koto, yadda zai zauna daram a jikin ƙugiya har kifi ya zo ya haɗiye shi tare da ƙarfen. In koto ya zame, ƙarfe tsirara ka ajiye a ruwa, kuma sai ka wuni kana gadinsa ba ka sani ba.

Sunana Haru, a wani ƙauye yamma da Falanko aka haife ni. Abin da zan gaya muku ya faru ne ƴan shekaru bayan rikicin Abzin, lokacin Nasara ya zauna a Tanut, mota kuwa sai dai mu ji labarinta. Ina saurayi, ban daɗe da aure ba, gonar da na gada kuma jigawa ce, geronta ba ya kai mu tsakiyar rani. Kudu da garinmu akwai tafki, muna ce masa Tafkin Gawo. Da damina yakan shimfiɗu har ya ci burtalin shanu, da rani ya janye ya koma wani gurbi mai zurfi a tsakiya, wanda ba ya ƙafewa har wani ruwan ya sauka. A Damargu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai tarwaɗa a ciki, akwai gaiwa, amma mutum ɗaya ne ya mai da su sana'a. Baba Kyari ke nan, Babarbare daga gabas inda ake da kogi na gaske. Fatauci ya kawo shi ƙasarmu, raƙumansa suka mutu, ya zauna shi da matarsa Ya Falmata. Allah bai ba su haihuwa ba.

Ranar da na fara zuwa wurinsa, na same shi a bakin ruwa. Ya miƙo mini sandar dargaza da zare da ƙugiya, ya ɗebo mini tana a ƙoƙo, ya nuna mini inda zan zauna. Na riƙa soka tana a tsakiya, in bar kai da wutsiya suna lilo, in jefa. Ɗan karan da ke ɗaure a zaren yana yawo a kan ruwa ya motsa, in fizgo, in ga ƙarfe fes. Haka har hantsi ya yi zafi, ƙoƙo ya ƙare. Shi kuwa can gefe yana ta cika kwandonsa. Daga baya ya taso ya leƙa ƙoƙona.

Ya ce, "Haru, kiwonsu ka zo yi ko kamunsu?"

Na ce, "Baba, kifin wajen nan wayo gare su."

Ya ce, "Kifi ɗaya ne a tafkin nan. Kawo hannunka."

Ya riƙe yatsuna, ya sa na shigar da bakin ƙugiya ta kan tana, ina tura ta sannu kamar mai zura zariya a wando, har ta haye jikin ƙarfen ta rufe ƙullin zare. Wutsiya kaɗai aka bari tana motsi. Ya ce tarwaɗa ba cizo take yi ba, tsotsa take yi. Duk abin da ka bari yana lilo, shi za ta tsotse ta tafi. In ba ta sami abin ja ba, dole ta buɗe baki ta ɗauki duka.

Ƙugiyoyinsa Tanko maƙeri ke ƙera su, kuma ba a taɓa gamawa ba su yi gardama ba. Baba ba ya karɓar ƙugiya sai an tsaga mata ƙananan ƙayoyi biyu a bayanta, sama da inda ta lanƙwasa, suna kallon sama. Su ke riƙe koto kada ya gangaro. Tanko yakan ce, "Kyari, ƙarfen nan bai kai kaurin tsinke ba, kana so in yi masa haƙora. Zai karye." Baba ya ce, "In ya karye ka sake." Haka za su zauna a maƙera, ɗaya yana tsaga, ɗaya yana shafawa da babban yatsa yana girgiza kai. Ƙugiyar ba ta da ido irin taku ta yanzu. Ana daddale ƙarshenta ne, a naɗa zaren auduga da aka murza aka shafe da kakin zuma.

Kowane koto da nasa ɗauri. Fara, sai ka cire mata fuka-fuki da manyan ƙafafu, ka shigar da ƙugiya ta ƙarƙashin ɓawon wuyanta, nan ne kaɗai take da ƙarfi, ka fito da ita ta ciki. In ka soka ta a ciki kawai, jefawa ɗaya za ta tashi ta bar ka. Hanjin kaza santsi gare shi, ba ya zama sai an ɗaure shi, kuma ba da zare ba, don zare yana shan ruwa ya kumbura, kifi ya ji shi. Da silin gashin wutsiyar doki ake ɗaurewa. Ranar kasuwa Baba yakan bi bayan dawaki yana roƙon masu su sili-sili, ana yi masa dariya. Sai ƙullun gero, wanda Ya Falmata ke yi mana. Takan cuɗa sauran tuwo da daddawa, ta yagi auduga ta cusa a ciki har ta bi ko'ina. Audugar ce ke riƙe ƙullun a ruwa. In babu ita, kafin ka gyara zama ya narke. Na yi damina guda ina koyon waɗannan kafin Baba ya daina duba ƙugiyata in zan jefa.

Masu saye ba su da yawa, kun san ƙasarmu. Buzu in ya wuce inda muke banda, sai ya ƙara jan rawaninsa kan hanci. Bafillace ma ba ya kusantar kifi. Matan manoma su ne namu, su kawo gero a ƙwarya su tafi da tarwaɗa. Wanda muka kyafe muna kai shi kasuwar Falanko. Akwai kuma gardi, wato dogaran Nasara, da sojan da aka kawo daga kudu, waɗanda suka tashi da kifi a miya. Su in suka ga banda har rawar jiki suke yi. Kukun kumandan, Nasaran da ke mulki a Tanut, yakan aiko a kai masa da rai, cikin ruwa, don wai maigidansa ba ya cin wanda bai ga yana motsi ba. A nan muka saba da ɗaukar tarwaɗa a tulu kan jaki. Ba arziki muke yi ba, amma rumbuna ya daina ƙarewa kafin shuka.

Sai shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero yana cikin yin kai. Tafki bai cika ko rabi ba. Kafin sanyi ya wuce, duk ya janye sai gurbin tsakiya. Na ɗauki fartanya na zagaye baki ina haƙa, ƙasa ta yi tauri, tana ta nutse inda ba a isa gare ta. Fara ba ta zo ba. Kaza kuwa duk an sayar ko an cinye. Na ce wa Ya Falmata ta yi mana ƙullu, ta dube ni ta ce, "Haru, a garin da mata ke tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, in aka ga ka jefa gero a ruwa, ina za ka sa fuskarka?" Ba mu da koto, ga kifi a gurbi muna ganin suna fitowa shan iska.

Baba ya kwana biyu bai zo bakin ruwa ba. Ranar da ya fito, ya zo da guntayen jar fatar akuya, irin mai laushin nan da matan maƙeran Buzaye ke ɗinka zabira da ita. Ya zauna da aska yana yankawa siri-siri, tsawon yatsa, kai da ɗan kauri, wutsiya a tsuke. Ya jiƙa su a ruwan daddawa da tsohon man shanu da ya yi ɗoyi. In ka ja ɗaya a ruwa sai ka rantse tana ce.

Amma ta ƙi zama. Fata in ta sha ruwa santsi take yi fiye da hanji. Jefawa biyu, sai ta sulale ta taru a gwiwar ƙugiya ta rufe bakin, kifi ya ɗauka ya tofar, ƙarfe bai taɓa shi ba. Muka manna ta da ƙaro, ruwa ya narkar da shi. Muka ɗaure da gashin doki kamar yadda muke yi wa hanji, gashin ya riƙa zamewa a kan mai. Na ce, "Baba, mu haƙura." Ya ce, "Je ka gida in ka gaji." Ban tafi ba.

Yadda ya gano shi ke nan. Ya daina jiƙa kan fatar, ya bar shi busasshe, jiki da wutsiya kaɗai ke shiga daddawa. Ya huda busasshen kan da basilla, ya zura ƙugiya, ya tura fatar har ta haye ƙayoyin nan biyu na Tanko. Ya naɗa gashin doki a tsakanin ƙayoyin, inda ba shi da hanyar zamewa sama ko ƙasa, ya ɗiga kakin zuma mai zafi a kan ƙullin. Sannan ya lanƙwasa fatar kaɗan, ya sake huda ta ƙasa, ya fito da bakin ƙugiya ya kwanta a jikinta. Wuri biyu take riƙe. Ya ba ni ya ce in ja da haƙorina. Na ja, ba ta motsa ba.

Da wannan koto muka ci rani. Fata ɗaya sai ta kama kifi da yawa kafin ta yage, in wari ya sake ta ka mai da ita cikin daddawa. Ba jefawa ake yi a zauna ba, sai ka riƙa jan zaren kaɗan-kaɗan tana rawa a ƙasan ruwa. Baba ba ya wuce abin da zai cika ƙaramin kwando a rana. Ba mu sayar ba a shekarar, babu mai abin saye. Ya Falmata ke dafawa da ganyen tafasa, ta rarraba wa gidajen da ke da masu jego da tsofaffi.

Kullum mutane suna ganin kwandon nan yana shiga gari. Da, sun ɗauka gurbin ya mutu. Yanzu sun san akwai nama a ciki. Wata safiya mai gari ya aiko a kira Baba, na bi shi. Dattawa sun cika zaure.

Mai gari ya ce, "Kyari, mun gode da abin da kake yi. Amma kwando ɗaya ba ya ciyar da gari. Mutane suna so a shiga gurbin a kwashe abin da ke ciki."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke ciki iri ne. In aka kwashe shi, baɗi tafki zai cika, amma ruwa zalla za ku gani. A bar ni in ƙara yawan abin da nake kamawa."

Mai gari ya ce, "Ka san gidajen da aka fitar da yara a makon nan. Kai ma ka je jana'iza. Me zan gaya wa iyayen waɗanda suka rage?"

Baba ya dubi ƙasa. Can ya ce, "To, in za a yi, kada a shiga da hauka a tattake rabi cikin laka. A bari in tsara."

Shi ya tsara kuwa. Ya jera maza kafaɗa da kafaɗa da kwanduna, suka tura kifin zuwa gefe marar zurfi, mata suna kwasa. Da aka gama da ruwa, ya bi busasshiyar laka yana nuna ƴan ramukan da gaiwa ke numfashi ta cikinsu, inda ta naɗe kanta tana jiran damina, ana haƙowa. Ni ma na haƙa, matata tana da ciki a lokacin. Gari ya ci kifi, ya kyafe saura, kuma akwai waɗanda ba don wannan ba da ba su ga shuka ba. Ba wanda za ka ce ya yi laifi.

Damina ta gaba ruwa ya sauka sosai. Tafki ya cika har burtali, tana ta fito ko'ina. Muka zauna da koto mafi kyau da na taɓa ɗaurawa, muka yi ta zama, ba abin da ya taɓa shi sai kwaɗi da kififiya. Muka canza wuri, muka canza lokaci. Har kaka, ko motsi. Na koma gona da ƙodago, Baba kuwa ya riƙa yi wa mutane igiyar rijiya.

Da bazara ta kusa ƙarewa ya zo gidana ya ce, "Haru, ka nemo jakuna biyu. Za mu Gidimuni ɗauko iri." Gidimuni can kudu maso gabas take, ruwanta ba ya ƙafewa, kuma tafiya ce ta kwanaki. Na ce, "Baba, kai da tari? Bari in tafi ni kaɗai." Ya ce, "Ba za ka san tarwaɗar da za ta kai gida da rai ba." Da ruwan farko ya sauka muka kama hanya.

A can masunta suka ba mu ƙananan tarwaɗa, Baba yana zaɓa ɗaya-ɗaya, yana mai da duk wadda ke da rauni a jiki. Muka zuba su a tuluna, ruwa rabi, muka sa ciyawa a ciki don kada su riƙa bugun tulu, muka rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Tafiya da sassafe da la'asar, in rana ta take mu sauke a inuwa. Duk inda muka sami ruwa sai mu canza musu. Na rijiya sanyi gare shi, sai an bar shi ya huce kafin a zuba. Kowace safiya sai mun tsame waɗanda suka juya ciki sama.

A wata rijiya muka tarar da Fulani suna shayar da shanu, layi ya yi tsawo, ruwan tulunanmu kuma ya fara wari. Baba ya je ya roƙi wani dattijo a cikinsu a ba mu guga ɗaya kafin layi. Dattijon ya ce a kawo jakunan. Baba ya ce ba na jakuna ba ne, na tulu ne. Mutumin ya zo ya ɗaga tsumma ya leƙa, ya yi baya da sauri yana salati, sannan ya fashe da dariya.

Ya ce, "Malam, kifi kake kiwo a bayan jaki?"

Baba ya ce, "Gida zan kai su. Namu sun ƙare shekarar yunwa."

Dattijon ya daina dariya. Ya ce, "Ni ma shekarar ta bar ni da karsana ɗaya. Duk waɗannan da kake gani, rabi aro ne." Ya tsai da shanunsa, ya sa aka ja mana ruwa har muka cika.

Baba bai hau jaki ba duk tafiyar, don ba wuri, tuluna sun cinye. Ƙafafunsa suka kumbura, tarin ya ƙaru. In na ce mu kwana biyu a wani gari ya huta, sai ya ce kifin ba za su jira ba. Muka iso Tafkin Gawo da abin da bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya kwantar da tulu, ya bar ruwan tafki ya shiga sannu ya gauraya da na ciki. Suka ɗan tsaya a bakin tulun, sannan suka fita ɗaya bayan ɗaya. Mai gari ya sa aka yi shela, kada kowa ya jefa ƙugiya ko ya shiga da kwando sai damina biyu sun wuce.

Baba bai sake tafiya mai nisa ba. Da sanyi ya shigo ya kwanta, kafin ya fita ya rasu. Akwai abubuwa da yawa da ya ce zai nuna mini in kifi ya dawo, yadda ake jera ƙugiyoyi a doguwar igiya irin ta mutanen kogi, da koton da gaiwa ke so lokacin da ta fito daga laka. Da babu kifi a ruwa bai ga amfanin nunawa ba, da kifi ya dawo kuma ba shi. Na yi shekaru ina wannan sana'a bayansa, har rairayi ya cike gurbin, amma rabinta na iya. Ɗaurin fatar ma, nawa yakan riƙe kifi kaɗan ya saki, ban taɓa kai nasa ba, kuma babu wanda zan tambaya inda nake kuskure.

Da damina biyun suka cika, mai gari ya ce ni zan fara jefawa. Na fita bayan asuba, na haƙo tana, na zura ta yadda ya kamata. Mutane sun tsaya nesa suna kallo. Har hantsi babu komai, wasu suka fara komawa gida. Sai karan ya nutse. Na ja, ga tarwaɗa, baƙa, tana sheƙi, tsawonta bai wuce tafin hannu da rabi ba. Aka yi ta kabbara a bakin tafki. Ban sake jefawa ba, na naɗe zare na wuce da ita kai tsaye gidan Ya Falmata.

Na same ta tana sheƙar gero. Na yi sallama, na durƙusa na ajiye kifin a kan faifai gabanta.

Na ce, "Ya Falmata, ga ta farko."

Ta ajiye ƙwarya, ta ɗauki kifin, ta juya shi, ta danna kansa da yatsa. Ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "A tafkinmu?"

Na ce, "A tafkinmu."

Ta ce, "Ƙarama ce, Haru. Da shi ne, da ya mai da ita ruwa."

Ta goge hannu a zaninta, ta miƙe da kifin.

Ta ce, "Tunda ta riga ta mutu, zauna. Hura mini wuta. Ba zan ci ni kaɗai ba."